Farcen Marini: Kundin Aikin Littafina a Kan Basasar Kano

9 ga Disamba, 2023

Shekara biyu ke nan ina gaya wa mutane cewa ina rubuta ƙagaggen labari a kan Basasar Kano, amma da za a ce in fito da abin da na rubuta, shafi 11 ne kawai a hannuna, sai kuma tarin takardun da na kwafo daga ɗakunan karatu. Saboda haka na buɗe wannan kundi, domin in riƙa rubuta abin da na yi da ranar da na yi shi, ko kunyar ganin shafi fayau ta sa in zauna in yi aiki. Koyar da Hausa nake yi a makarantar sakandare, kuma na taɓa rubuta gajerun labarai, amma labarin da ya jingina da tarihi ban taɓa gwada shi ba.

Ƙashin bayan al'amarin sananne ne. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, wato cikin shekara ta 1311 bayan hijira. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarnin a naɗa ɗan Bello, Galadima Tukur, kuma Wazirin Sakkwato Buhari, wanda yake Kano a lokacin, shi ya zartar da naɗin. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda da yawansu aka raba da sarautunsu a zamanin Bello, ba su yarda ba, sai suka bi ɗan'uwansu Yusufu suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai. Yusufu ya rasu a Garko kafin a ci birnin, jagoranci ya koma hannun ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu. Yusufawa suka shiga Kano da daminar 1894, Tukur ya fita zuwa ƙasar Katsina, aka kashe shi a Tafashiya cikin watan Maris na 1895. Tukur da Yusufu da Alu duk jikokin Sarki Ibrahim Dabo ne.

Wannan duka bai fi layi goma ba, kuma kowane suna da ke ciki na mai sarauta ne ko ɗan sarki. Ni kuwa wanda nake son bi marini ne mai rijiya biyu a karofi, wato marina, wanda ba shi da gado a sarauta kuma ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa, amma yaƙin ya raba shi da gidansa har wata 16.

6 ga Janairu, 2024

Na tsayar wa kaina ƙa'ida: daga sallamar asuba zuwa lokacin shirin makaranta, kalma 400 kowace rana, ban da Juma'a. A mako uku na samu kwana 14 ina cika alkawari, wanda a wurina ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Na kuma daidaita sunaye. Da farko na sa wa marinin da matarsa irin sunayen da ke cikin rajistar ajina, da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar za su ciro waya daga aljihu. Yanzu shi Tanko ne, tun da bayan 'ya'ya mata aka haife shi, ita kuma Kande, wadda ta biyo maza. Sunan yanka yana nan ga kowannensu, amma sau ɗaya za a ji shi, ranar ɗaurin aure.

27 ga Janairu, 2024

Yau na wuni a marinar Ƙofar Mata, kuma na dawo da abin da ya fi duk karatun da na yi a wata shida. Na sha wucewa ta wurin a adaidaita sahu, amma ban taɓa tsugunawa a bakin rijiya ba. Abin da ya fara tarbata shi ne wari, wani irin tsami mai kama da na abin da ya kwana a jiƙe, wanda babu ko ɗaya cikin takardun da na karanta da ya ambace shi. A babi na ɗaya na rubuta shafi biyu a kan karofi ba tare da hancin kowa ya ji komai ba.

Wani dattijo da aka haɗa ni da shi ya ba ni wuri a kan tabarmarsa. Ya yi mini bayanin yadda ake haɗa rijiya: a zuba ruwa, a sa toka da baba da katsi, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana juyawa da doguwar sanda har kumfa ta taso, sannan a san ruwan ya nuna. Katsi shi ne laka da take kwantawa a ƙasan rijiya idan ruwa ya ƙare aiki. Ana kwashe ta, a busar, a ƙone, ta sake komawa cikin haɗi, kuma da ita ake yin lason da ake shafe cikin rijiyar don kada ta tsotse ruwa. Na ga an tsamo farin ƙyalle ya fito kore-kore, yana shan iska yana rikiɗa zuwa shuɗi a gaban idona, aka sake tsoma shi, aka sake ɗagawa, haka dai har launin ya kai inda mai kaya yake so. Can gefe kuma mabuga suna dukan yadi a kan gungumen icce, sautin yana tafiya bi da bi kamar daka.

Matasan da ke aiki yanzu duk suna sanye da safar hannu ta roba. Na tambayi dattijon ko haka suka taso, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, mu da hannu muka koya. A zamaninmu ko a masallaci aka ga hannunka an san gidanku." Na ce, "To Baba, idan marini ya bar aiki, kwana nawa hannun yake yi kafin ya koma daidai?" Ya miƙo mini yatsunsa ya ce fata ba ta da wuya, makonni kaɗan ta saki, amma farce ba ya wankuwa, sai dai sabo ya turo tsohon a yi ta yankewa, kuma wannan yana cin watanni.

A hanyar komawa gida na gane cewa na samu agogon littafin. Tanko zai bar birni da hannu shuɗi har wuyan hannu, kuma mai karatu zai riƙa sanin tsawon rabuwarsa da karofi ta wurin yadda shuɗin yake ja da baya a farcensa, har ranar da zai yanke na ƙarshe a sansanin da ba shi da abin yi a cikinsa sai ɗaukar kaya. Haka kuma ba zai iya ɓoye sana'arsa ga duk wanda ya tare shi a hanya ba, abin da zai cece shi sau ɗaya, ya jefa shi cikin wahala sau ɗaya.

18 ga Fabrairu, 2024

Kalma 14,300. Makon nan na sha fama da abubuwan da suka kutso cikin 1893 daga zamaninmu. Na sami wuri 9 da na rubuta "ƙarfe kaza", alhali mutanena da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru suke auna yini, tafiya kuma da zango. Na sa Kande ta ƙyasta ashana, na mayar da ita ƙyastu da abawa, daga baya ma na ga ya fi dacewa ta aiki yaro ya ɗebo wuta a maƙwabta, tun da hakan zai ba ta damar jin labarin da nake so ta ji. Mafi muni shi ne na fitar da Tanko ta Sabuwar Ƙofa, ƙofar da sai a zamanin Turawa aka fasa ta. Sunanta kaɗai ya isa ya faɗakar da ni, amma sabo ya rufe mini ido. Yanzu na manna taswirar ganuwa a bango, na soke ta da jan biro tare da Ƙofar Famfo.

Kuɗi ma sun ɗauke mini kwana biyu. Wuri ne kuɗin kasuwa, ana lissafi da zambar, babban ciniki kuma da keso, wato wuri 20,000 a cikin jakar tabarma. Ma'anar wannan ga labari ita ce mutum ba ya soke dukiyarsa a lalita ya gudu da dare. Marinin da zai bar gari cikin gaggawa dole ya mayar da abin da ya mallaka zuwa abin da ke ɗaukuwa, kuma a wurinsa wannan abin turkuɗi ne, wato rinannen yadin da aka buga, wanda ko ina ya sauke shi kuɗi ne, musamman wurin Buzaye. Da na fahimci haka sai babi na huɗu ya rubuta kansa: daren da Tanko ya bi masu bashinsa gida-gida yana karɓar yadi maimakon wuri.

24 ga Maris, 2024

Azumi ya rage mini gudu, bayan sahur barci ne yake cin nasara. Amma azumin ne ya sa na zauna na lissafa watannin 1312, na tarar mafi yawan watan Maris na 1895 a cikin Ramadan ya faɗo. Ke nan labarin ƙarshen Tukur ya iso Kano mutane suna da ƙishirwa a baki. Na rubuta wannan a takarda na ajiye don babin ƙarshe.

21 ga Afrilu, 2024

Jiya na karanta babi na shida a wani zaman marubuta da muke yi wata-wata. A cikinsa na shigar da mai karatu har cikin fada, daren da aka naɗa Tukur, na sa shi yana magana da wani babban bawan sarki, yana faɗin abin da yake ji game da 'yan'uwansa. Na yi alfahari da babin, kuma matasan wurin sun yaba. Da aka gama, wani malami da ya girme mu duka, wanda ba ya cika magana, ya ce, "Malam, maganar ta yi daɗi. A ina ka ji ta?" Na ce ai ƙagaggen labari ne. Ya ce ya sani, amma Tanko nawa ne, ina iya sa shi ya yi sata ko ya yi kuka, ba wanda zai biyo ni. Tukur kuwa mutum ne da ya rayu, ya mutu, yana da zuriya a garin nan, kuma yaron da zai karanta littafina ba zai je ya duba wani kundi ba, abin da na sa a bakinsa shi zai riƙe har tsufansa.

Na yi musu a wurin, na ce in haka ne ba wanda zai taɓa rubuta labarin tarihi, kuma har yanzu ina ganin akwai marubutan da suke da ilimi da adalcin da za su iya shiga zuciyar sarki su fito lafiya. Amma da na dawo gida na sake karanta babin, sai na ga abin da ban gani ba a da: duk abin da Tukur ya faɗa ra'ayina ne game da Basasa, na ɗora masa rawani kawai. Na riga na yanke hukuncin wanda yake da gaskiya, na sa wanda aka kayar ya amsa laifinsa da bakinsa. Akwai kuma matsala ta zubi, domin tun farkon littafin ba mu taɓa ganin abin da idon Tanko ko na Kande bai gani ba, sai ga shi dare ɗaya mun tsallake Soron Gabjeje ba tare da iso ba.

Na cire babin, kalma 3,100. Ƙa'idar da na kafa daga yau ita ce: duk mutumin da tarihi ya san sunansa, daga nesa za a hange shi, kamar yadda talaka yake hangen sarki, a kan doki, cikin ƙura, dogarai suna kora mutane gefe. Abin da ya yi, wanda aka tabbatar, zan faɗa. Abin da ake cewa ya ce, zan sa shi a bakin 'yan kasuwa a matsayin jita-jita, wannan ya ce kaza, wancan ya ƙaryata. Abin da ke cikin ransa kuwa na bar masa.

9 ga Yuni, 2024

Mako biyu ban rubuta komai ba. Tun da rikicin sarautar Kano ya taso a ƙarshen watan Mayu, duk wanda ya san abin da nake rubutawa sai ya kira ni, wasu da zolaya, wasu da gaske, suna cewa yanzu ne lokacin da ya kamata in fara sakin labarin babi-babi a Facebook da WhatsApp, kasuwa ta buɗe. Wani ma ya tambaye ni kai tsaye su wane ne Tukurawa a yau, su wane ne Yusufawa. Na ƙi amsawa, kuma ba zan saki ko layi ɗaya ba. Na fara wannan aiki tun kafin wannan al'amari, kuma idan na fitar da shi yanzu ba wanda zai ga Tanko. Kowa zai riƙa leƙa bayan kowane hali yana neman fuskar wanda yake so ko wanda yake ƙi. Abin da na amfana da shi kawai shi ne sauraro. Na zauna a majalisar unguwarmu na ji yadda labari ɗaya yake canza kama tsakanin magariba da lisha, da yadda mai shayi yake magana da tabbaci kamar da shi aka yi shawarar. Haka majalisar karofi za ta kasance a babi na bakwai.

21 ga Yuli, 2024

Na je Takai, na biya ta Garko a dawowa. Ban je neman wani sirri ba, so nake in ga ƙasar da damina, in san irin laka da irin itatuwa da tsawon dawa a wannan lokaci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gadar Wudil. Motarmu ta haye ta cikin ƙiftawar ido, na leƙa na ga kogin ya cika ya yi ja, sai na tuna cewa a rubutuna rundunar Yusufawa da 'yan ɗaukar kayanta sun taso daga kudu maso gabas sun iso bakin ganuwa kamar a kan kwalta suka bi. Duk wanda ya taso daga wannan ɓangare da damina sai ya yi shawara da ruwa. Ban sa wa rundunar mashigi na musamman ba, amma Tanko da jakin da aka ɗora masa kulawa za su kwana biyu a bakin kogi suna jiran masu fito, kuma a nan zai lura cewa farcensa duk ya yi fari.

Tafiyar da mota ta yi da ni cikin kamar awa biyu, na ƙiyasta wa mai jaki zango uku. Kalma 38,700.

4 ga Agusta, 2024

Dokar hana fita ta tsare mu a gida tun ranar Alhamis saboda zanga-zangar tsadar rayuwa. Na rubuta babin da aka rufe ƙofofin birni, Kande tana auna sauran geron da ke rumbu da tafin hannu. Uwargidana ta karanta ta ce mace mai 'ya'ya uku ba ta auna hatsi a gaban yara, sai sun yi barci. Na gyara.

15 ga Satumba, 2024

Wannan shi ne ɓangaren da na yi ta kewaye wa tun farko. A Basasa an kama mutane 'ya'ya, waɗanda ba bayi ba, Musulmi, an sayar da su bayi, kuma wannan ba aikin ɓangare ɗaya ba ne. Littafin da zai ba da labarin talaka a wannan yaƙi ya tsallake wannan, ya yi ƙarya ta hanyar shiru. Amma a garin nan maganar bauta magana ce da ake yi da rabin baki, domin jikokin wanda ya saya da na wanda aka saya suna sahu ɗaya a masallaci, wasu ma sun zama dangi.

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, a kan Muhammadu Bello ya tsaya, saboda haka bai kai ga yaƙin ba. Wanda ya taimake ni ta wata fuska shi ne Baturen Ingila Charles Robinson, da ya iso Kano a watan Disamba na 1894 ya yi kusan wata uku yana tattara kalmomin Hausa da rubuce-rubucen ajami. Ya shigo birnin watanni kaɗan bayan Alu ya karɓe shi, ya ga kasuwa, ya ga rumfunan da ake zaunar da bayi, ya sha wahalar lissafin wuri. Ina karanta shi da taka-tsantsan, domin baƙo ne da ya zo da nasa nufin da nasa ma'aunin, kuma sau da yawa abin da ya ɗauka ya fahimta bai fahimta ba. Sai dai baƙo yana rubuta abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani, kuma irin wannan ne marubucin labari yake nema.

Na yanke shawarar cewa ba Kande za a kama ba, domin hakan zai mayar da littafin labarin miji mai neman matarsa, wanda kowa ya san yadda yake ƙarewa. Wanda za a kama shi ne yaron da Tanko yake koya wa rini, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya bi shi don ya riƙe masa jaki. Tanko zai dawo, yaron ba zai dawo ba, kuma sauran rayuwarsa katanga ɗaya ce tsakaninsa da uwar yaron. Na rubuta wurin kamun sau huɗu. Na farko ya cika kuka da ihu, na huɗun layi 12 ne, kuma abin da Tanko ya gani na ƙarshe shi ne hannun yaron, wanda shuɗinsa bai kai nasa ba saboda bai daɗe da fara aiki ba.

3 ga Nuwamba, 2024

Fiye da mako guda Arewa ta yi cikin duhu a ƙarshen Oktoba saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Kwamfuta ta mutu a rana ta biyu, cajin waya kuma sai an bi layi a shago an biya. Na koma littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Wata rana da dare na zuba man gyaɗa a kasko, na murza auduga na yi lagwani na kunna, don in ga iyakar abin da irin wannan fitila take haskawa. Ba ta wuce tabarma ɗaya ba, fuskar wanda ke zaune a bakin ƙofa ma ba a gane ta sai ya yi magana. Na koma babi uku da na sa mutane suna karanta fuskokin juna da dare, na mayar da abin ga murya da tari da ƙarar takalmi.

Rubutun hannu ya fi tafiya a hankali, amma jimlolin sun fi gajarta kuma sun fi kama da magana. Da wuta ta dawo na kwafe shafi 41, ina kwafewa ina gyarawa. Kalma 59,200.

29 ga Disamba, 2024

Alhamdu lillahi, daftarin farko ya kammala jiya da hantsi: babi 24, kalma 71,600. Tafashiya ba ta fito a littafin ba ko sau ɗaya a matsayin wuri. Labarin ya iso Kasuwar Kurmi da la'asar sakaliya, ana haramar buɗa baki, Tanko yana cinikin baba, mai sayarwa ya tsaya da awo ya saurara, sannan ya ci gaba da awonsa. Ban sa kowa ya yi murna ko baƙin ciki a fili ba, domin a birnin da ya sauya hannu wata bakwai da suka wuce, kowa ya koyi riƙe fuskarsa.

Na tambayi kuɗin ɗab'i a madaba'u biyu, abin da aka faɗa mini na kwafi 500 ya fi albashina na wata biyar, kuma an ce farashin takarda bai tsaya ba. Wannan magana ce ta gaba. Na fitar da kwafi uku a shagon kwamfuta, na ba malamin da ya tambaye ni inda na ji maganar Tukur, na ba wata abokiyar aiki mai koyar da tarihi, na ajiye ɗaya don Ƙofar Mata.

2 ga Fabrairu, 2025

Na koma wurin dattijon da babi na ɗaya da na ƙarshe, tun da su ne suka shafi karofi. Idonsa ba ya ɗaukar ƙananan haruffa, saboda haka ni na karanta masa, wasu matasa biyu suka ajiye aiki suka matso. Babi na ɗaya ya wuce lafiya, sai wuri ɗaya da ya ce ba a barin rijiya a buɗe da rana tsaka, ana kifa mata murfin kaba. Da na zo ƙarshe, inda Tanko ya dawo bayan wata 16, ya tsuguna a bakin rijiyarsa ya tsoma hannu ya ɗago shi shuɗi, na ɗaga kai ina jiran yabo, domin wannan ne layin da na fi so a littafin duka, kuma tun ranar da na fara zuwa wurin nake ɗauke da shi.

Ya ce, "Malam, wa ya riƙa kula masa da ita?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To ai ta mutu. Ruwan da aka bari ko wata biyu ba ya rina komai, balle shekara da wani abu, damina ta wuce a kansa. Abin da zai tarar ruɓaɓɓen ruwa ne da kwaɗi. Sai ya kwashe shi kaf, ya shiga ciki ya fitar da katsi, ya duba inda laso ya tsage ya gyara, ya bari ta bushe, ya nemo kuɗin baba da toka ya yi sabon haɗi, sannan ya zauna jira. Kuma mutumin da ya dawo daga gudu, ina ya ga kuɗin baba?" Ɗaya daga cikin matasan ya ce sai dai ya yi ƙodago a rijiyar wani tukuna.

Ke nan babi na 24 ya rushe, kuma cinikin baban da na sa a Kurmi yana buƙatar bayanin inda kuɗin ya fito. Ina ganin Tanko zai yi wata biyu yana rini a rijiyar maƙwabcin nan nasa, uban yaron da bai dawo ba, domin shi kaɗai ne a karofin da bai bar gari ba. Ban san yadda mutanen biyu za su tsuguna a bakin rijiya ɗaya ba tukuna. Dattijon ya ce ranar Asabar mai zuwa za su yashe wata rijiya da ta daɗe a rufe, in zo da sassafe da tsofaffin kaya, domin wanda ya tsaya kusa ba ya komawa gida da farar riga.